Wata huɗu da na'urar zuƙe ƙura mai tsayuwa a gidan da ake kiwon kyanwoyi

Na yi shekara shida ina kiwon kyanwoyi biyu a cikin gida, ɗaya baƙa mai gajeren gashi, ɗayar kuma fara mai dogon gashi mai laushi kamar auduga, kuma duk tsawon wannan lokaci da tsintsiya da wata tsohuwar na'ura wadda ake ja a ƙasa nake share falo da ɗakuna. Tsintsiya ba ta taɓa yi mini maganin gashi ba, domin tayar da shi take yi ya bi iska, da an gama shara kuma ya sake sauka inda ya fito. Tsohuwar na'urar tana ɗauke ƙura da yashi ba laifi, sai dai bakinta ba shi da burushi mai juyawa, saboda haka takan bi ta kan kafet ta bar gashin a manne kamar an saƙa shi tare da zaren. Abin da ya sa na daina jan ƙafa shi ne atishawa da ƙaiƙayin ido da suka addabi ƙaramar 'yata, musamman idan ta zauna a ƙasa tana karatu. Yau wata huɗu ke nan da na sayi sabuwar na'ura mai tsayuwa, irin wadda ake turawa gaba a jawo baya da hannu ɗaya, wadda aka rubuta a kwalinta cewa don gashin dabbobin gida aka ƙera ta. Na ƙi rubuta komai a kanta a makon farko, domin ɗokin sabon abu yakan rufe wa mutum ido.

Lokacin da nake neman wadda zan saya, kuskuren da na fara yi shi ne bin yawan wat da aka rubuta a jikin kowace na'ura, ina ɗauka cewa wadda ta fi yawan lamba ita ta fi tsotso. Daga baya na fahimci cewa wat yana auna wutar lantarkin da injin yake ci ne, ba ya auna gashin da zai fita daga kafet. Tarayyar Turai ta taƙaita ƙarfin irin waɗannan na'urori zuwa wat 1,600 a shekarar 2014, sannan ta sake rage shi zuwa wat 900 a 2017, kuma masu ƙera su suka ci gaba da fitar da na'urori masu share gida tas ta hanyar gyara hanyar iska da bakin na'ura. Tawa wat 750 ce, tsohuwar kuwa ta ninka ta, amma tsakanin aikinsu a kan kafet babu haɗi ko kaɗan. Gashin kyanwa ba shi da nauyi, siriri ne ƙwarai, yana kuma lanƙwasa ya sarƙe cikin zaren kafet, don haka iska kaɗai ba ta iya ciro shi sai an sami abin da zai kaɗa shi ya saki tukuna. Wannan aikin burushin da ke juyawa a ƙarƙashin na'urar ne, kuma a ganina shi ne dalili mafi ƙarfi na zaɓar mai tsayuwa, tunda nauyin injin yana zaune ne kai tsaye a kan burushin, yana danna shi cikin kafet ba tare da mai shara ya yi amfani da ƙarfinsa ba.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. James Murray Spangler, wani mai shara a babban kanti a garin Canton na jihar Ohio a Amurka, wanda ƙura ke tayar masa da tari da ciwon asma, shi ya haɗa fanka mai aiki da lantarki da burushi mai juyawa da rigar matashin kai da sandar tsintsiya, ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1908, kafin wani ɗan kasuwa mai suna William Hoover ya saye ta a wannan shekarar. Abin ya taɓa zuciyata da na san cewa matsalar numfashi ce ta haifar da na'urar tun farko, domin ita ce ta kai ni ga sayenta.

Haɗa tawa na'urar bai ɗauke ni minti 10 ba, sanda ce kawai ake zurawa ta kama, sai tiyo da ake maƙalawa a baya. A ranar farko na yi gwaji da gangan: na share kafet ɗin falo da tsohuwar na'ura har na gamsu cewa ya yi tsabta, sannan na bi ta kansa da sabuwar. Mazubin sharar na roba ne mai haske, ana ganin abin da ke shiga, kuma kafin na gama rabin falon gashi ya dunƙule a ciki yana juyawa, launinsa toka-toka saboda fari da baƙi sun cakuɗe da ƙura, har ya kai layin da aka zana a matsayin iyaka. Da na zazzage shi sai ya fito a dunƙule guda, ya ɗauki siffar mazubin, ƙarƙashinsa kuma ga wani gari mai laushi kamar hoda wanda ban taɓa sanin yana cikin kafet ɗin ba. Sau uku na zubar da shara a wannan rana daga ɗaki ɗaya. Na tsaya na daɗe ina duban wurin da 'yata ta saba zama, raina bai yi mini daɗi ba.

Na koyi cewa gaggawa tana ɓata aikin. Idan aka tura na'urar da sauri, burushin ba ya samun damar kaɗa zaren kafet yadda ya kamata, kuma jawowa baya a hankali ta fi turawa gaba ɗauke gashi. Nakan bi falon a tsaye, sannan in sake bin sa a gicciye, domin zaren kafet yana kwanciya ne ta fuska ɗaya, gashin da ya ɓuya a ƙarƙashinsa kuma ba ya fita sai an zo masa ta wata fuskar.

Akwai alkawari guda da aka yi a kwalin wanda rabinsa kawai ya cika, wato cewa gashi ba ya naɗewa a jikin burushin. Gaskiya ne gashin kyanwa, ko na farar mai tsawo, yana wucewa ba tare da ya tsaya ba, saboda akwai wasu haƙora kamar na mataji a bayan burushin da ke tsefe shi. Amma dogon gashin mutum da zaren da ke warwarewa daga gefen darduma sukan zame zuwa ƙarshen burushin ta ɓangarorin biyu, inda matajin bai kai ba, su naɗe a can su yi tauri. A mako na bakwai ina cikin shara sai na ji ƙarar ta canza, ta yi kauri, sannan warin ƙonannen roba ya biyo baya. Na kashe ta, na zare wayar daga soket, na kwantar da ita na cire murfin ƙasa, sai na tarar gashi ya naɗe a bakin burushin ya zama kamar igiya, ya hana shi juyawa, bel ɗin da ke juya shi kuma ya yi zafi har gefensa ya fara sheƙi. Da ƙaramin almakashi na riƙa yanka ina zarewa kaɗan-kaɗan har kusan minti 20. Bel ɗin bai tsinke ba, amma da na yi biris da ƙarar na ci gaba, da sai na nemi sabo. Tun daga ranar nake juya na'urar in duba ƙarshen burushin duk mako, abin da ya kamata a ce littafin bayanin ya jaddada a shafinsa na farko, amma aka ambace shi a taƙaice can kusa da ƙarshe.

Batun mataci shi ne ya fi damuna, domin gashin da ido ke gani ba shi ne ainihin abin da ke sa atishawa ba. Kyanwa tana fitar da wani sinadari da ake kira Fel d 1 a yawunta da kuma maiƙon fatarta, idan tana lasar jikinta sai ya shafu a gashin, ya bushe, ya bi amosanin fata da ƙura mai laushi ya shiga iska, inda yakan daɗe yana yawo saboda ƙanƙantarsa. Na'urar da ta zuƙe wannan ƙura ta gaba ta kuma hura ta ta baya ƙara cutar da mai atishawa take yi. Tawa tana da mataci irin wanda ake kira HEPA, wanda bisa ma'aunin Amurka dole ya tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin ƙura da girmansu ya kai maikiron 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Sai dai mataci ba ya amfani idan jikin na'urar yana yoyon iska ta mahaɗai, domin iska takan bi hanya mafi sauƙi ta kauce masa. Na gwada ta da rana, a lokacin da haske ke ratsowa ta taga har ana iya ganin ƙura tana yawo, na kuma bi mahaɗan da tafin hannu tana aiki, ban ji iska tana fita ta ko'ina ba sai ta wurin matacin. Warin nan na ƙura mai ɗumi da tsohuwar ke bari a ɗaki ma babu shi.

Inda wannan tsari ya yi rauni shi ne wurin zubar da shara. Tunda ba ta amfani da jaka, ana danna maɓalli ne ƙasan mazubin ya buɗe, kuma gashin da ya dunƙule ba koyaushe yake faɗowa da kansa ba, sai an sa sanda ko hannu an jawo shi, a nan kuma ƙurar da aka sha wahalar tarewa takan tashi ta doki fuska. Yanzu a waje nake zubarwa, ina zura rabin mazubin cikin leda kafin in buɗe, in ɗaure bakin ledar nan take. Wanda shi kansa yake fama da asma, kuma shi ne zai riƙa zubar da sharar, ina ganin mai jaka ta fi dacewa da shi, ko da yake zai riƙa sayen jakunkuna a kai a kai. Akwai kuma matacin soso a gaban injin wanda ake wankewa da ruwa zalla duk wata, a bar shi ya bushe na aƙalla awa 24. Sau ɗaya na mayar da shi da sauran danshi, na'urar ta yi kwanaki tana fitar da warin jiƙaƙƙen gashi, sai da na sake wanke shi na shanya kwana biyu kafin warin ya tafi.

Atishawar 'yata ta ragu sosai, amma ba zan jingina wannan ga na'urar ita kaɗai ba, domin a daidai lokacin muka hana kyanwoyin shiga ɗakin kwananta, muka kuma fara taje farar kowace yamma.

Nauyin na'urar ya kai kilo 7, wanda ba a jin sa a kan shimfiɗaɗɗen ƙasa, amma hawa bene da ita aiki ne, kuma ba na ganin tsoho ko mai ciwon baya zai ji daɗin hakan. Ba ta shiga ƙarƙashin gado ko kujera mai gajerun ƙafafu saboda kaurin jikinta, alhali nan ne gashi ya fi taruwa, don haka dole a koma ga tiyo da dogon bututu. Tiyon gajere ne, kuma idan aka ja shi da ƙarfi na'urar takan karkato ta faɗo wa mutum, abin da ya same ni sau biyu kafin na koyi jingina ta da bango. Ƙaramin burushin da aka haɗo don kushin yana aiki da kyau a kan kujerar da baƙar kyanwar ta mayar wurin barcinta, amma iska ce ke juya shi, saboda haka da an danna shi sosai sai ya tsaya, sai an riƙe shi sama-sama ana shafawa. A kan tayil kuwa dole a kashe babban burushin, in ba haka ba yana watsa yashin akwatin bayan gidan kyanwoyin ya doki ƙafafu. Ina ba duk mai niyyar saye shawarar ya tabbatar akwai wannan maɓalli na kashe burushi, domin ba kowace mai tsayuwa ke da shi ba.

Ƙarar ba ta hana mutane biyu magana idan sun ɗaga murya, amma ga kyanwoyi wani abu ne daban. A ma'aunin sirantakar sauti, jin kunnen mutum yana tsayawa a wajen kilohaz 20, na kyanwa kuwa yana kaiwa kusan 64, don haka suna jin wani siririn kuka na injin da mu ba ma ji. Baƙar ta saba, takan hau saman kabad ta zuba ido har a gama. Farar har yau da ta ga na warware waya sai ta kwantar da kunnuwa ta nemi hanyar fita, shi ya sa nake buɗe mata ƙofar wani ɗaki tukuna, in jira ta shige kafin in kunna, kuma ban taɓa yarda yara su bi ta da na'urar da sunan wasa ba.

A gidan da yawancin ƙasansa kafet ne, kuma bene bai yi yawa ba, wannan na'ura ta cancanci kuɗinta, muddin mai ita zai duba burushi duk mako ya kuma wanke mataci duk wata. Wanda ƙasan gidansa tayil ne ko siminti, ƙaramar na'ura mara nauyi za ta wadatar da shi. Ni yanzu sau uku nake shara a mako, mazubin kuma da kyar yake kaiwa rabi bayan na zagaye gidan duka. Wurin da har yanzu take gaza mini shi ne gindin bango, inda takan bar siririn layin gashi mai faɗin ɗan yatsa ta ɓangaren da bel yake, don haka nakan juyo da ita in bi bangon da ɗaya gefen, ragowar da ke cikin kusurwa kuma in ɗauke shi da siririn bututu.