Kafin ka cire injin nitro ka sa moter a motar rimot ɗinka: abin da za ka saya da abin da za ka ba turna

Duk wanda ya riƙe motar rimot mai injin nitro a nan Maradi ya san inda gizo ke saƙa, man ne. Ba esans take sha ba balle ka tsaya wajen ƴan ruwa-ruwa a zuba maka, haɗi ne na metanol da nitrometan da man shafawa, kuma abu mai kama wuta aiko shi daga waje wahala ne, shi ya sa motoci masu kyau suke kwance saman almari ƙura na cinsu. Mafita a cire injin a sa moter da batir. To amma ɗan'uwa, moter da ESC (na'urar da ke sarrafa gudun moter) da batir LiPo, wato na litiyom, kuɗinka kawai za su ci, ba nan matsalar take ba, matsalar tana tsakanin moter da tayoyi.

Injin nitro yana da kuloc, sai ya ɗauki gudu sannan ya kama a hankali. Moter brushless kuwa, wato marar burushi, daga tsaye yake sakin ƙarfinsa gaba ɗaya, ka ɗauki mai 2200KV, wato mai juyi 2200 a minti kan kowane volt, ka ba shi batir 4S wato volt 14.8, ya wuce juyi dubu 32 a minti in babu kaya a kansa, to duk abin da yake roba ne a hanya, kardan (sandar da ke kai juyi ga tayoyi) ko giyar cikin diferansiyal (mai raba juyi tsakanin tayoyi), shi zai fara karyewa.

Hanya mafi sauƙi in ka yi sa'a ita ce ka ɗauko kayan ƴar'uwarta mai batir. Traxxas sun fitar da T-Maxx a 1999 sannan ga E-Maxx, akwai Revo akwai E-Revo ta 2008, HPI ma suna da Savage da Savage Flux. Ba kowane abu ke shiga kai tsaye ba saboda shasi ya bambanta, sai ka buɗe takardun motocin biyu ka gwada lambobin kaya ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sa nake son wannan hanya shi ne akwatin giya. Na nitro mai sauri biyu galibi giya ta farko tana kan rulma mai juyawa gefe guda, ka ga ke nan in moter ya ja birki ko ya juya baya rulman zai sulale ne kawai, mota ta ci gaba da tafiyarta. Dole ko ka kulle akwatin ya zama giya ɗaya, ko ka bar birkin faifai da servo ɗinsa, ɗan moter da ke jan birkin, ko ka sa akwatin ƴar'uwar wanda dama an yi shi don moter. Mutane da yawa sai sun gama kashe jikkunansu sannan suke gano wanga abu.

Sai kit, wato kayan maida motar nitro mai batir da anka riga anka haɗa, irin wanda kamfanin Tekno RC sunka yi ma motocin 1/8, masu kashi ɗaya cikin takwas na girman motar gaske. In ka samu na motarka daidai saya kawai, ba sai na tsawaita ba. Sai dai na tsofaffin motoci da yawa an daina yinsu, ga kuɗin aike ga duwan ga jira, kuma in an kawo maka na wata mota daban babu mai karɓa ya mayar.

Ni inda na fi zama shi ne wajen turna, amma da sharaɗi: mazaunin moter kawai da su zobe da ɗan abin haɗa sanda, ban da abu mai haƙora. Na taɓa ba wani turna ya yanka mini ƙaramar giya ta bakin moter, wadda muke ce ma pinyo, aikin ya yi kyau a ido wallahi, amma ƙarfen ba a gasa shi ya yi tauri ba kuma siffar haƙoran ba ta zauna da babbar giyar da take juyawa ba, yini ɗaya a yashi haƙoran sunka zama kamar bakin wuƙa har sunka cinye babbar. Pinyo abu ne ƙarami mai sauƙin aikowa, yi oda uku ko huɗu masu haƙora daban daban a lokaci guda.

Kafin odar ka tabbatar da abu biyu. Girman haƙori, wanda ake aunawa da Mod ko da pitch: motocin 1/8 galibi Mod 1 ne, wasu 32 pitch wanda ya yi kusa da Mod 0.8, ƙananan 1/10 kuma 48 pitch, kuma Mod 1 ba ta cin tuwo da 32 pitch ko da ka ga kamar sun shiga juna. Sai kaurin sandar moter, ƙananan moter milimita 3.17 ne manyan na 1/8 kuma milimita 5. Babbar giya ta roba ko ta ƙarfe? In akwai murfi kuma giyar na zaune daidai ni na fi son ta ƙarfe a 4S, amma wanda yake koyo ya fara da roba, ita za ta mutu ta ceci akwatin giya, kuma ta fi araha.

Shi mazaunin kuwa, kar ka je ma turna da baki kawai kana kwatance da hannu, zana shi. Ko a takarda mai layi ko a FreeCAD, manhajar zane ta kwamfuta wadda kyauta ce, sannan ka yanka shi a kwali ka ɗora kan shasi ka gani ko moter zai taɓa wani abu. Lissafin ba wuya: a Mod 1 ka haɗa haƙoran giya biyun ka raba biyu, shi ne nisan tsakiyarsu a milimita. Pinyo 15 da babba 46 ya ba ka 30.5, in gobe ka sa pinyo 18 ya koma 32, shi ya sa ramukan bis ɗin moter dole su zama masu tsawo yadda zai matsa gaba ya matsa baya, ba zagayayyu ba. Ramukan fuskar moter galibi milimita 25 ne tsakaninsu da bis M3, amma auna naka. Ka tsaya a kansa ya yi maka kusurwa a miƙe ƙyam, in mazaunin ya ɗan karkace gefe ɗaya na haƙori ne zai riƙa ɗaukar kaya. Ƙarfen kuma a samo farantin alminiyom mai kauri milimita 5 ko 6, irin 6061 in an dace. Kar a kai ka wajen masu zubin tukwane a narka maka, aikinsu na da kyau a tukunya amma zubin yana da ƴan ramuka a ciki, nan wajen bis zai tsage. Alminiyom ɗin yana da wani amfani kuma, yana jan zafin moter ya sauke ma shasi.

To saura injin buga roba mai 3D, da yara masu kwamfuta suke ta yabo. Yana da wurinsa amma ba a jikin moter ba. Robar PLA tana fara laushi wajen digiri 60, mu kuma a watan Afrilu inuwa ma ta wuce 40, moter in yana aiki ya kai 70 ba abin mamaki ba ne, mazauni ya yi laushi giya ta buɗe haƙora su zube. PETG ya ɗan fi juriya, nailan ya fi su duka amma buga shi sai gwani. Inda nake amfani da shi: akwatin batir, gwajin zane kafin a yanka ƙarfe, da murfin giya. Murfin nan kar ka raina shi, wanda yake wasa a yashin Gulbi ko lokacin hunturu da ƙura ta taso ya san tsakuwa ɗaya ta ishe ta fasa haƙori.

Kardan da giyar diferansiyal in akwai na ƙarfe na kamfani saya, kar a yi maka walda a kansu, sanda mai walda ba ta juyawa daidai, za ta yi ta girgiza har ta kashe rulma. In kuɗin bai kai ba ka rage ƙarfin tashi a saitin ESC ka sassauta kuloc mai sulɓi in motar tana da shi, har lokacin da za ka samu.

Ranar haɗawa ka sa ƴar takarda tsakanin giya biyun ka matse sannan ka ɗaure bis ka zare ta, ɗan wasan da ya rage shi ake so. Ɗan bis ɗin pinyo ya zauna kan gefen sandar da anka fefe, ka ɗiga mishi Loctite, gam ɗin da ke hana bis kwancewa, shuɗi, ba ja ba, ja sai da wuta yake kwancewa. Fara da pinyo mafi ƙaranci cikin waɗanda ka saya, yi gudun minti biyar ka tsaya ka taɓa moter, in ba ka iya barin yatsa a kai na ƴan daƙiƙu to kar ka ƙara haƙori, bari sai da yamma rana ta yi sanyi ka sake gwadawa.