Gargaɗi: mai sayar da "askar Jamus" ya yi min aski ba ruwa, naira 47,500

Jama'a, in kun ga gemun ɗan'uwanku ya kama da wuta, ku shafa wa naku ruwa. Nawa ya kama, kuma abin haushin a kan gemun ne ma aka cuce ni. Naira 47,500. Yau kwana tara ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in yi shiru saboda kunya, sai jiya na ga mutumin ya sake buɗe wani shafi a Facebook da sabon suna, da hotunan nan dai da ya yaudare ni da su. Shi ya sa na ce sai na faɗa.

Kafin wani ya zo yana ce min sakarai, ku tsaya ku ji. Shekarata 14 ina kasuwanci a Kano, ba a taɓa karɓe min ko sisi ta waya ba. Masu kira su ce daga banki suke, ni nake kashe musu waya. Kuma ba kwaɗayin araha ya ja ni ba, don abin ba shi da araha. Ƙurajen aski ne suka dame ni a wuya duk lokacin da aka sa min kilifa a shago, ga kuma tsoron ciwon hanta da ake iya ɗauka ta kayan askin da aka yi wa wani da su. Na ce bari in mallaki aska tawa ni kaɗai, in koyi gyaran fuska da hannuna, kamar yadda na tashi na ga wanzami yana yi wa mahaifinmu a zaure duk safiyar Juma'a. Laifina ke nan.

Har bincike na yi. Na karanta cewa Solingen gari ne a Jamus da ya shahara wajen ƙera wuƙa da almakashi da aska, kuma dokar ƙasar ta hana buga sunan garin a kan kayan da ba a can aka ƙera su ba. Da na ga sunan a jikin askar cikin hotonsa sai hankalina ya kwanta. Ban yi tunanin dokar Jamus ba ta bin mutum har tashar mota ba.

Amma ba hoton ne ya kama ni ba. Muryarsa ce. Ya nuna min aska iri biyu, ta 55,000 da ta 32,000. Na ce ta 55,000 nake so. Sai ya turo saƙon murya, a natse, ya ce: "Haba Alhaji, kai da yanzu za ka fara koyo? Kada ka ɓata kuɗinka. Ɗauki ƙaramar, in hannunka ya faɗa sai ka dawo. Ni ɗan gidan wanzamai ne, ba zan cuce ka a kan sana'ar kakana ba." Ku gaya min don Allah, wane ɓarawo ne zai hana ka ba shi 55,000 ya ce 32,000 ta isa? Na saurari saƙon nan ya fi sau ashirin tun daga ranar. "Kada ka ɓata kuɗinka." Har na juya na ce wa mai ɗakina, kin ga har yanzu akwai masu tsoron Allah a intanet. Da bakina na faɗa. Ita kuwa ba ta manta ba.

To na tura 32,000, kuɗin aska da fatar wasa ta da dutsen washi da burushin kumfa. Sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne, na tambaya, ya ce na ƙaninsa ne, nasa yana da matsala. Na yarda, don ni ma na sha karɓar kuɗi ta asusun yarona na shago. Daga nan 8,500 kuɗin mota, wai direba ba ya ɗaukar kaya mai kaifi sai an ƙara masa. A'a, kafin kuɗin motar ma akwai 7,000 na shiga ajin koyo a WhatsApp, ranar Talata ke nan, ko Laraba, zan duba. Wai sati biyu zai koya mana tun daga riƙon aska har washi. 32,000 da 7,000 da 8,500. Ku haɗa da kanku, 47,500.

Ajin? Mu wajen talatin a ciki, shi kaɗai ke iya rubutu. Bidiyo uku ya turo, duk na wani Bature ne da ya kwaso daga YouTube, ko fassara babu.

Kayan sun iso bayan kwana shida, a cikin kwalin maganin sauro. Babu dutse, babu burushi. Fatar da ya ce ta saniya ce, guntun bel ne na roba. Askar kuwa mariƙinta yana rawa, kuma sunan Solingen ɗin da na dogara da shi, da na goga babban yatsa a kai rabinsa ya biyo yatsana. Nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba, saboda na riga na cika baki a gida. Safiyar Juma'a na shafa sabulu na ɗora ta a kumatu. Ba ta yanke gashi, fizgarsa take yi, ni kuma da na ji ba ta ci sai na danna. Ta zame a kaikaice. Jini har kan farar shaddata. A masallaci wani abokina ya dube ni ya ce, "Malam, yaushe ka yi bille ba ka gayyace mu ba?" Aka yi ta dariya, ni ma na yi, ta dole.

Tun kafin Juma'ar ma na kira mai sayar da askar a kan dutsen, ya ce mantuwa ce, zai aiko. Bayan na yanke na tura masa hoton fuskata, ya ce hannuna ne bai iya ba, kuma in ina so akwai "man gyara" na 6,000. Da na ce ya dawo min da kuɗina sai ya cire ni daga ajin, ya toshe lambata. Wannan 6,000 ɗin dai ban ba shi ba, a rubuta min ita.

Abin da ya fi ci min rai, akwai dattijon wanzami a bayan layinmu, kullum ina wuce shi da zabirarsa muna gaisawa. Shi na kai wa askar daga baya. Ya gwada ta a gashin hannunsa, ya ɗan goga ta a dutsensa, ya sake gwadawa, ya miƙo min. Ya ce, "Ɗana, wannan ƙarfen ba ya riƙe kaifi, ko ka kwana kana wasa shi. Nawa ka saya?" Na ce Baba a bar maganar. Ya zaunar da ni ya nuna min da tasa: a jiƙa gashin da ruwan ɗumi sosai, a ja fata da ɗaya hannun ta miƙe, a kwantar da askar ta kusa manne da fata, a bi yadda gashi ya kwanta kaɗan-kaɗan ba dannawa, kuma kada a taɓa jan ta ta gefe, nan take yanka. Ya ce mai koyo ya tsaya a kumatu tukuna, haɓa da ƙasan hanci sai hannu ya saba. In za a wasa ta a kan fatar washi kuwa bayan askar ne ke gaba, ba bakinta ba. Minti goma sha biyar. Na ba shi kuɗin goro, sai da na matsa ya karɓa. Ni kuwa na ba wani ƙato 7,000 a kan bidiyon Bature.

Na je banki na cike takarda, sun ce in jira. Ina jira.

Shawara dai: kada ku biya kafin kaya su zo hannunku, in sunan asusu ya bambanta da na mai kaya ku gudu, mai son aska ya je wurin wanzami ya zaɓar masa.

Hotunan hirarmu da rasit uku da saƙon muryar duk suna nan, zan ɗora su da daddare in na rufe lambobin mutane. Wanda yake cikin ajin nan, mu talatin ɗin, ya yi min magana ta akwatin saƙo, don na tabbata ba ni kaɗai ya hana sayen ta 55,000 ba.