Hattara da masu tallan "Stihl na asali" a rabin kuɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sare itace da masu tsaga katako, daga Mando da Rigasa har Kujama, Kachia da Kafanchan. Damina na tsayawa aiki ke buɗewa, kowa ya shiga neman injin sare itace mai sarƙa, a nan ne kuma 'yan damfara ke baza tarkonsu. Wannan gargaɗi ya fi shafar yaranmu da suka gama koyon aiki suna tara kuɗin injinsu na farko, domin su ake fi cuta.

Tallan kusan iri ɗaya ne a Facebook da zaurukan WhatsApp. Za ka ga hoton sabon injin kamfanin Stihl samfurin MS 381 ko 070 cikin kwali, a ce kayan gwanjo ne ko saura guda uku, farashi kuwa rabin na dila ko ƙasa da haka. Da ka yi magana sai a ce kayan suna Legas ko Anaca, ka tura kafin alƙalami da kuɗin mota, direba zai kira ka in ya iso tasha. Wani daga nan lambar ta daina shiga. Wani kuma kwalin zai iso da gaske, sai dai abin da ke ciki ƙaramin injin nan ne da aka sani da 5200, an yi masa fentin ruwan lemo da fari, an manna masa sunan Stihl.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A girman silinda, MS 381 na gaske cc 72 ne, 070 kuwa ya kai cc 105, shi kuma 5200 cc 52 ne kacal. Ya isa sassabe da yanka itacen girki, amma in ka ɗora shi a kan gindin maɗaci ko kirya kana tsaga katako wuni guda, zafi zai cinye fistin ɗinsa. Ba laifi ba ne mutum ya sayi 5200 da sunansa a kan kuɗinsa. Zaluncin shi ne a sayar maka da shi da sunan wani.

Kada ka dogara da launi ko kwali, su ne mafi sauƙin kwaikwayo. Nemi lambar inji. Ta Stihl lambobi 9 ce, an buga ta a jikin ƙarfen inji kusa da salansa, ba a takardar mannawa kaɗai ba. In ka ga wurin an goge shi da magagari, ko lambobin sun karkace wani sama wani ƙasa, ajiye inji ka kama gabanka. Lambar farko tana nuna masana'antar da ta ƙera shi: 1 Jamus, 3 Barazil, 8 Sin. Wato kamfanin yana da masana'antarsa a Sin, saboda haka ganin sunan Sin kaɗai ba shi ne shaidar jabu ba, kamar yadda rubutun Jamus a kwali ba shaidar asali ba ne. Sannan cire murfin matatar iska ka juya cikinsa. Kayan asali suna da lambar kaya mai lambobi 11 da aka zuba tare da robar, na dangin MS 381 suna farawa da 1119, na 070 da 1106. Duba kuma gindin ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai: MS 381 yana jan sarƙa mai ma'aunin inci 3/8, 070 mai .404, yawancin 5200 kuwa .325 ake ɗaura musu. Wata alama da ke tona asiri ita ce 'yar farar gorar haɗa mai da aka zana wa layin 25:1 (kashi 25 na fetur, kashi 1 na man haɗi), wadda ake jefowa cikin kwali tare da siraran sufanu a leda. Wannan kayan rakiyar ƙananan injinan kwaikwayo ne.

Akwai kuma waɗanda aka kwafi 070 da 381 ɗin kansu, har kayansu na shiga na asali. Waɗannan ido kaɗai bai cika kama su ba. Kai lambar injin ga dila mai izinin kamfani ya tantance maka, kuma ka nemi rasit mai ɗauke da lambar injin da garanti a rubuce. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne birki. A injin asali irin MS 381, madogarar da ke gaban hannun hagu birkin sarƙa ce. Idan saman hancin ƙarfen sarƙa ya taɓa reshe, inji yana yin tutsu ya taso wa fuska da kafaɗa cikin ƙiftawar ido, birkin ne ke tsayar da sarƙa kafin ta iso jiki. A jabu da yawa robar tana nan, amma zoben ƙarfen da ke damƙe kuloci siriri ne ko sifirin ɗinsa ba shi da ƙarfi. Gwada shi a gaban mai sayarwa. Da inji a kashe, tura madogarar gaba har ka ji ƙas, sa safar hannu ka ja sarƙa: kada ta motsa ko kaɗan. Sai ka tayar da shi a ƙasa, ka riƙe da hannu biyu, ka ba shi wuta, ka tura madogarar da bayan hannunka. Sarƙa ta tsaya cak nan take. In ta ci gaba da jan jiki ko na daƙiƙa ɗaya ne, wannan injin ba na ɗauka ba ne ko kyauta aka ba ka. Leƙa ƙasan murfin kuloci ka tabbatar akwai ɗan ƙugiyar da ke tare sarƙa in ta tsinke, ka kuma gwada cewa maɓallin wuta ba ya dannuwa sai tafin hannu ya danne makullinsa na sama. Masu 070 su tuna cewa shi tun asali akasari ba ya zuwa da birkin sarƙa, don haka ba injin hawa bishiya ko sarar reshe sama da kafaɗa ba ne.

Damfara ta biyu ita ce ta "na Baljiyam". Mataccen inji ne da ya gama wahala a daji, a wanke shi da fetur, a fesa fenti, a canja igiya da murfi. Wasu har tsiyaya mai mai kauri suke yi ta ramin fulogi don igiya ta yi nauyi ka ɗauka matsi ne. Taɓa silinda tukun. In da ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ka zo don ya kama da wuri, ka ce sai ya huce. Kwance salansa, haska fitilar waya cikin ramin, ka ja igiya a hankali. Fistin mai lafiya sumul yake. In ka ga zane-zane a tsaye kamar an ja ƙusa, ya taɓa ƙonewa, kuɗin silinda da fistin da ringi na jiranka. Bayan ya tashi, bar shi a silo ka kwantar da shi gefen dama, sannan gefen hagu. Idan ƙararsa ta hau ko ya mutu, yana shaƙar iska ta sil ɗin karanshaf, kuma irin wannan ko ka sa sabon fistin zai sake cinye shi. Wanda ya hana ka kwance salansa ya riga ya ba ka amsa.

Sai man haɗi, wato man 2T da ake gaurayawa da fetur. Ana tara robobin man 2T da aka shanye, a ɗura musu man mota da aka tsinka aka zuba wa launi, a maida murfi. Duba zoben murfin ko an taɓa karya shi, ka duba rubutun ko yana gogewa da yatsa. Man mota ba ya ƙonewa tas a injin nan: fulogi zai yi baƙi ya jiƙe, gawayi ya toshe bakin salansa, ringi ya maƙale a raminsa, ƙarfi ya tafi. Da man kamfanin na gaske haɗin 50:1 ne, wato mililita 20 a lita 1 ta fetur, mililita 80 a galan mai lita 4, mililita 100 a lita 5. Injin da littafinsa ya ce 25:1 kuwa mililita 40 ne a lita. Sayi babban sirinji a kemis ka riƙa aunawa, murfin gora ba ma'auni ba ne. Kada haɗin ya wuce wata guda a jarka, kuma a girgiza shi kafin a zuba. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda wasu ke sayarwa a matsayin man sarƙa, cike yake da garin ƙarfe mai cinye famfon mai da ƙarfen sarƙa, ga illa ga fata.

Sarƙar jabu ma tana yawo cikin kwali mai kyau. Haƙoranta suna dakushewa kafin tanki ɗaya ya ƙare, tana saki kullum, ƙarshenta ta tsinke a wurin ƙusa. Amma kafin ka zargi sarƙa duba magagarinka: 3/8 na son mai milimita 5.2, .404 na son 5.5, a karkace digiri 30 don yankan gicciye. In inji na fitar da gari kamar na tuwo maimakon ɓarzajjen itace, tsaya ka wasa. Da hunturu kuma a kakkaɓe matatar iska kullum, domin ƙura na iya sa inji mai kyau ya yi kamar jabu.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ɗauki hoton tallan da hirarku da shaidar tura kuɗin da lambar asusun, ka je bankinka a ranar ka shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. Kayan jabu kuma hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ce ke bibiyarsu. Ka sanar da shugabannin ƙungiyarku lambar wayar da asusun don a yaɗa a zauruka. Idan kwalin ya iso da jabu a ciki, don Allah kada ka maida asararka kan wani yaro ta hanyar sayar masa da sunan na asali. Cire takardar sunan, kai wa makaniki ya duba birki da ƙugiyar sarƙa, ka haɗa masa mai 25:1, ka bar shi a kan itacen girki da ƙananan rassa da ke kwance a ƙasa.