Ibrahim Pasha da Sokollu: waziran Daular Usmaniyya biyu

Dukansu ba a haife su Turkawa ba, dukansu kuma kashe su aka yi. Daga nan sai hanya ta rabu.

Ibrahim, ɗan garin Parga da ke ƙasar Girka ta yau, bawa ne da ya zama aminin Sarki Sulaiman tun suna samari. A 1523 sarki ya tsallake manya ya naɗa shi babban waziri. Ya yi rawar gani a yaƙin Mohac da aka yi da Hungary a 1526, amma kansa ya kumbura. A azumin 1536 ya ci abincin dare da sarki, gari ya waye an shaƙe shi a fada.

Sokollu Mehmed kuwa, yaron Bosniya, mataki-mataki ya hau har ya zama babban waziri a 1565. A ganina ya fi Ibrahim nisa. Da Sulaiman ya rasu a sansanin yaƙi na Sigetwar, a Hungary, a 1566, sai Sokollu ya ɓoye mutuwar makonni, umarni na fita da sunan mamaci, har Salim ɗan Sulaiman ya hau gado. Bayan asarar yaƙin teku na Lepanto a 1571, Sokollu ya sake gina jiragen yaƙi cikin watanni. Sarakuna uku ya yi wa waziranci, kafin wani ya daɓa masa wuƙa a 1579.