Kawu, ga labarin bindigar toka a Amurka

Assalamu alaikum Kawu. Ina fatan kana lafiya, da iyali da sauran abokan farauta. Ka ce in bincika maka ko Turawan nan sun san irin bindigarku ta toka. To, Allah ya ja da ranka, sun santa, har kasuwarta ta fi tamu tsari.

A nan jihar Ohio ana ware kwana 4 a farkon Janairu don farautar barewa da bindigar ɗuri ta baki kawai. Maƙwabtanmu na Pennsylvania kuwa suna da lokacinsu bayan Kirsimeti, na bindiga mai tashi da ƙyastun dutsen ƙanƙara, irin ta kakanni. Ƙungiyar masu sha'awarta tun 1933 take, kuma duk shekara suna taruwa a garin Friendship na jihar Indiana.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, da yawansu ba sa sayen ta a haɗe. Ko dai mutum ya sayi kayanta duka a kwali ɗaya, ko ya bi shago-shago yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya. Na kwali, kamfanin Traditions yana da masu araha, wajen dala 300 zuwa 500, na Kibler kuma sun haura dala 1,000. Idan ka buɗe za ka tarar da bututun, da ƙota, da kunama, da ƙananan ƙarafa, inji ya riga ya fafe itacen daidai mazaunin kowanne. Aikinka goge-goge ne da shafa mai. Mai tsinta kuwa yana duba kundin shaguna irin su Track of the Wolf a Minnesota ko Dixie Gun Works a Tennessee, ya zaɓi itacen da ransa ke so da tsawon bututun da ya dace da shi.

Ni dai a ganina, wanda bai iya sassaƙa da ƙira ba, kwali shi ne rufin asirinsa. Masu cewa tsinta ta fi sauƙin kuɗi ba sa lissafa kuɗin aike, wanda kowane shago zai caje ka nasa daban, ga kayan aikin da dole ka saya. Wani maƙwabcina ya bi wannan hanya. Bututu ya iso, ƙota ta iso, sai aka ce makunnin, wato ƙarfen da ke tayar da wuta, ya ƙare a jira. Da ya zo bayan watanni, ramin da aka fafe a itacen bai karɓe shi ba, ƙarshe sai da ya kai wa gwani ya biya ladan da ya fi rarar da yake hange. Wannan gwanin fa, Kawu, aikin da maƙeranmu ke yi a bakin zuga shi yake yi, amma a nan layi ake bi watanni kafin a samu hannunsa, ana kuma girmama shi. Raina yana sosuwa idan na tuna yadda muke raina namu.

Ta fuskar doka, gwamnatin tarayya ba ta lissafa irin wannan tsohuwar bindiga cikin na zamani, shi ya sa a yawancin jihohi har ƙofar gida ake kawo kwalin, ko da yake New Jersey ba ta yarda da haka ba. Ta zamani kuwa dole uwar jikinta, wato ƙarfen da ake ɗaura sauran sassan a kai, ta bi ta hannun dillali mai lasisi, a cike takarda, a binciki tarihinka.

Batun in aiko maka da kwali ɗaya, don Allah ka yi haƙuri. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ba 'yan sanda ikon hana riƙe ko ta toka sai da izini, shigo da kayan bindiga ba lasisi kuma gidan yari ne. Takalmin daji da tocilan goshi dai suna nan tafe a hannun mai zuwa hutun Sallah. A gaida Inna.