Karatu sura-sura ko karatun littafi a jere?

Annabawa da manzanni ba su rubuta da lambobin surori da ayoyi ba. A ƙarni na 13 aka raba Littafi Mai Tsarki surori, aikin da ake dangantawa da Stephen Langton, Babban Bishop na Kantabari. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai, Robert Estienne, ne ya buga su a 1551.

Mai karatu sura-sura ya samu sauƙi ainun. Mai wa'azi ya ce a buɗe Yohanna 3:16, ikilisiya duka ta samu wurin nan take. Hadda ma ta fi sauƙi da lamba.

Amma wuƙar raba surorin ba kullum ta faɗa a gaɓa ba. Ranar bakwai, wadda ta kammala labarin halitta, an cilla ta farkon Farawa 2. Waƙar Bawan Ubangiji ta soma ne a Ishaya 52:13, mutane da yawa kuwa daga sura 53 suke farawa, sai su rasa alkawarin ɗaukakarsa da ya zo kafin wahalar. Wanda ya fi damuna shi ne na wasiƙar Bulus zuwa ga Kolosiyawa: an yi wa bayi gargaɗi a ƙarshen sura 3, gargaɗin iyayengiji kuma ya tsallake zuwa 4:1. Wanda ya tsaya a ƙarshen surar zai ɗauka bayi kaɗai Bulus ya ɗora wa nauyi.

Mai karanta wasiƙar a zama ɗaya ba zai faɗa wannan ramin ba, sai dai neman wuri zai ba shi wuya in ana tattaunawa. Ni dai in ma'ana nake nema, a jere nake karantawa, lambobin kuma in bar su don nuna wa wani wurin.