Masu zane ku yi hattara da masu cewa za su sayi aikinku a matsayin NFT

Jama'a masu zane, da masu fenti a kanbas da masu yi a kwamfuta ko tablet, dan Allah ku ɗan tsaya ku karanta wannan, don ni saura ƙiris a yi min sakiyar da ba ruwa, kuma da na yi magana da abokan sana'a sai na ga ashe ba ni kaɗai ba ne, kusan duk wanda ke ɗora zanensa a intanet an taɓa turo masa irin saƙon nan.

Ga yadda abin ya faro. Wani akawun ne ya shigo min ta Instagram, hoton wani dattijo sanye da kwat, a bayaninsa ya rubuta wai mai tara kayan zane ne. Ya fara da yabo, aikinka ya burge ni, ban taɓa ganin irinsa ba, kaza kaza. Ku lura fa, bai ambaci ko zane ɗaya da sunansa ba, bai tambayi girmansa ba, bai tambayi da wane irin fenti aka yi ba, na mai ne ko na ruwa, abin da mai saye na gaskiya ke fara tambaya kenan. Can sai ya ɗauko hotuna huɗu daga shafina ya ce duk yana so, ya faɗi abin da zai biya da kuɗin kiripto na Ethereum, da na lissafa wallahi ya fi abin da nake samu a shekara guda. Bai taya ba, bai nemi ragi ba. A nan ya kamata in farga, mutumin da ya zo sayen kaya shi ne ma yake ƙara wa kansa kuɗi, amma kun san halin sana'ar nan, wata biyu sai su wuce ba wanda ya ce maka nawa ne wannan, to idan irin wannan ya faɗo zuciya ce ke riga hankali.

Na ce masa ai asalin zanen na nan zan iya aika masa, ko in buga masa kwafi mai kyau in sa hannu. Ya ce a'a shi NFT kawai yake saya, wato shaidar mallakar zane ta intanet da ake cinikinta da kuɗin kiripto. Na ce to bari in ɗora a OpenSea, kasuwar NFT ta intanet, tunda ita aka sani, ya ce a'a wai akawun ɗinsa na can yana da matsala, akwai wani shafi da yake amfani da shi, ya turo min adireshin. Nan ne tarkon yake. Shafin ya haɗu, ga hotunan zane jere, ga sunayen masu zane, ga wajen hira da ma'aikata a gefe suna amsa maka cikin minti ɗaya ko da tsakar dare ne. Na buɗe akawun na ɗora hoto ɗaya, sai aka ce kafin zanen ya hau kasuwa sai na biya kuɗin gas, wai ladan shigar da shi, aka ba ni adireshin walet, wato asusun ajiye kiripto, in tura. Shi kuma dattijon nan yana ta min saƙo, ka gama? ka gama? ina da tafiya gobe.

Abin da ya cece ni shi ne na kira wata 'yar'uwa mai zane in tambaye ta yadda ake sayen kiripto, tana jin labarin ta ce min tsaya, kar ka tura ko sisi, ni na riga ka shiga. Ita ta biya na gas ɗin. Bayan ta biya shafin ya nuna mata an sayi zanenta, ga kuɗi zaune a akawun ɗinta manya-manyan lambobi, har ta ɗauki hoton fuskar wayar ta ajiye don murna. Da ta zo cirewa aka ce sai ta biya kuɗin tantance akawun. Ta biya. Aka ce adadin ya yi yawa sai ta ɗaga matsayin akawun ɗin. Ta ci bashi ta biya. Da aka zo kan wai haraji ne ta gane, ta ce musu to ku cire daga kuɗin nawa da ke wajenku mana, suka ce tsarin bai yarda ba, da ta matsa suka toshe ta, mai sayen ma ya ɓace. Lambobin da ta gani a shafin nan rubutu ne kawai, su suka gina shafin su suke rubuta abin da suka ga dama, mai sayen da ma'aikacin da ke amsa mata wataƙila ma mutum ɗaya ne a ɗaki ɗaya.

Abin da ya sa wannan ƙaryar ke shiga shi ne an ɗora ta a kan abin da ya faru da gaske. A watan Maris na 2021 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da aikin wani mai zanen kwamfuta ɗan Amurka, Mike Winkelmann da aka fi sani da Beeple, a matsayin NFT a kan sama da dala miliyan 69, labarin ya zaga duniya, kowane mai zane ya ji a ransa ko nawa rabon na nan tafe. Kasuwar ta faɗi warwas a 2022 amma 'yan damfara ba su saki sunan ba. Kuma kuɗin gas ma gaskiya ne akwai shi, shi ne ladan da ake biya don a shigar da ciniki cikin rumbun Ethereum, sai dai daga walet ɗinka yake fita a daidai lokacin da ka danna amincewa, kana ganin adadinsa, ba wani mutum ko ma'aikaci ake tura wa a gefe ba. Sannan duk cinikin da aka yi a Ethereum a fili yake, akwai shafin Etherscan, ka sa adireshin walet ka ga duk abin da ya shiga da wanda ya fita. Idan an ce an biya ka kuma babu komai a walet ɗinka a can, to ba a biya ka ba. Kuɗin kiripto kuwa in ya tafi ya tafi, babu bankin da za ka je ka ce a dawo maka da shi.

Wasu ma ba kuɗin gas suke nema ba, cewa za su yi ka haɗa walet ɗinka da shafinsu ko ka rubuta kalmomin sirrin nan 12 ko 24 da ake ba ka ranar da ka buɗe walet, wai don a tabbatar kai ne. Wanda ya samu kalmomin nan ya samu komai da ke ciki.

Daga baya na koma na binciki dattijon nawa. Na sa hotonsa a Google Lens, sai ga shi hoton wani ne daban da aka ɗauko daga wani wuri. Na duba rajistar adireshin shafin ta WHOIS, inda ake ganin ranar da aka yi wa shafi rajista, ko wata uku bai yi da buɗewa ba, alhali a ƙasansa sun rubuta wai sun yi shekaru suna aiki. Binciken duka bai ci min minti goma ba, shi ne abin da ya fi ba ni haushi.

Tunda na fara bari in ambaci wasu damfarorin irin wannan a gurguje. Akwai mai turo imel wai matarsa na son zanenka zai ba ta mamaki ranar tuna aurensu, ya turo caki da ya fi kuɗin zanen ya ce kuskure ne, ka tura ragowar wa wanda zai zo ɗaukar kaya. Banki kan nuna kuɗin a akawun kafin a gano cakin na bogi ne, ganowar kan ɗauki makonni, in an gano a cire duka, kai kuma ka riga ka tura naka na gaske. Hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta daɗe tana jan kunne a kan wannan. Akwai mai turo imel mai kama da na PayPal wai an riƙe kuɗinka sai ka biya an mayar da akawun ɗin na kasuwanci, kai dai buɗe manhajar da kanka ka duba, kar ka danna abin da ke cikin imel ɗin. Akwai kuma gidajen baje koli da ke cewa an zaɓe ka, alhali ba ka nema ba, sai ka biya kuɗin bango da na talla da na littafin baje koli. Gidan baje koli na ƙwarai kamasho yake ci in an sayar, galibi kusan rabi, shi ya sa yake wahalar nemo maka mai saye, wanda ya riga ya ci daga aljihunka me zai dame shi da ko an saya.

'Yar'uwar nan tawa da ta rubuta abin da ya same ta a shafinta, kafin yamma mutum uku sun shigo mata wai ƙwararru ne a dawo da kuɗin kiripto da aka sace, a biya su kafin alƙalami su fara aiki. Su ma toshe su ta yi, ta kai ƙorafi ga hukuma da hotunan hirar da adireshin walet ɗin da ta tura wa.

Ni dai yanzu duk mai son in yi masa aiki sai mun rubuta yarjejeniya, ya ba da rabi kafin in taɓa buroshi, kuma sai na ga kuɗin a akawun ɗina da idona, ba hoton rasit ba. Shi kuwa dattijon nan nawa ya sake shigo min ta wani sabon akawun, wannan karon da hoton wata mata mai tabarau, amma saƙon iri ɗaya ne sak, har kuskuren rubutun da ke layi na biyu bai gyara ba.